Sawu a Cikin Kwamfutar Mai Zane

Mai Zane ba ta yi ihu ba, kuma da ta yi ihun ma da ya fi sauƙi. Fitowa ta yi bakin shagonta a saman bene, ta riƙe ƙugu, ta ce da murya ƙasa-ƙasa, "A kira mini Dogo." Kafin a ce me, duk mai shago a layin ya baro cinikinsa ya zo ya yi cirko-cirko a ƙofarta.

Abin da ya faru ba boyayye ba ne. Kwamfutar da take zana adon riguna a kai, kafin ta tura wa injin surfani ya ɗinka, ita ce ta tashi da cuta. Da an kunna sai sikirin ya cika da layi-layi kore da ja, hoton ya yi ta karkarwa, can kuma ya yi baƙi ƙirin. A ƙasa kusa da ƙafar tebur ga ƙaramin sukuru a yashe. Ba a ɓalla ƙofa ba, ba a taɓa taga ba. Kuma kowa ya san jiya da yamma Dogo mai gyara ya buɗe cikin kwamfutar nan don ya ƙara mata wurin ajiya, wuta ta ɗauke kafin ya gama, ya rufe ya tafi ba tare da an gwada ba.

"Katin hotona ya cire," in ji Mai Zane, tana nufin katin da ke cikin injin mai fitar da hoto a sikirin. "Ya ɗauke mai lafiya ya sa mini matacce. Ni za a yi wa wayo da rana tsaka?"

Dogo ya iso yana goge hannu da tsumma. Ya dubi sikirin, ya dubi fuskokin mutane, bai ga ko ɗaya da ke tare da shi ba. Dama baƙo ne a benen, ga shi da baki, ga shi ba ya gaida mutane sai ya ga dama.

"Ban taɓa katinki ba," ya ce. "Uwar injin ce ta ƙone. Ku tambayi mai haɗa muku wuta irin haukan da janareton nan ya yi jiya."

Mai Wuta, wanda ke tsaye a baya da filaya a aljihu, ya ce in Dogo ya ƙara ambaton sunansa sai ya haɗiyi haƙoransa.

Shugaban masu shaguna ya ɗaga hannu. Mutum ne mai son a gama magana da wuri don ya koma kan kujerarsa. Ya ce zancen guda ne: ko kati ne ya mutu, ko madabod, wato uwar da komai na cikin injin ke maƙale a jikinta. In uwar ce, to wuta ce ta yi ɓarna, ƙungiya za ta ji da Mai Wuta. In kuwa kati ne, an yi sata ke nan, kuma dokar benen ba ta canja ba: wanda ya taɓa kayan maƙwabci ya ajiye mabuɗin shagonsa kafin a tashi kasuwa.

"Wa zai duba?" wani ya tambaya.

"Mai Sawu," in ji Shugaba. Mutane suka yi murmushi, don sun san abin da hakan ke nufi.

*

Mai Sawu ya fara da gyaran rediyo tun yana da baƙin gashi, ya koma talabijin, ya ƙare a kwamfuta. Sunan ya samo asali ne daga maganar da ba ya gajiya da faɗa, wai babu cutar da ke shiga inji ba ta bar sawu ba. Rabin kwamfutocin benen nan shi ya haɗa su da hannunsa, har da ta Mai Zane. Sai ga Dogo ya zo ya buɗe shago daidai gaban nasa, ya kafa fitilu masu walƙiya, ya janye masa mutane ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fi ci wa dattijon rai shi ne ya taɓa ji da kunnensa Dogo na ce wa wata mata, "Can gidan tarihi ne, in rediyon kakanki ya lalace ki kai." Bai manta ba, kuma bai yi niyyar mantawa ba.

Don haka da ya shiga shagon Dogo bai nemi wurin zama ba.

"Me ka taɓa a ciki?"

"Abin da aka kira ni in taɓa."

"Da ka gama ka ɗaure sukurorin duka?"

"Ni ba makaho ba ne, Baba."

"Ban haife ka ba. Me ya sa ba ka gwada ba?"

"Da me zan gwada, da numfashina? Wuta ta ɗauke, ita kuma tana sauri za ta ɗauko 'ya'yanta a makaranta." Dogo ya jefar da tsumman a kan tebur. "Ka daina wahalar da kanka. Na san me ya sa aka zaɓe ka. Ka je ka ce kati ne, a kore ni, mutanenka su dawo maka. Amma ka sani, mai gyaran da aka kira ɓarawo sau ɗaya ya gama aiki, ko wace kasuwa ya koma labarin zai riga shi isa. Wannan shagon shi ne abin da nake da shi duka."

"Da ka san haka da ka koyi gaisuwa," in ji Mai Sawu, ya fice.

*

Mai Wuta yana bayan bene, ya cusa kai cikin janareto. Da farko ya rantse wuta lafiya lau ta zo jiya. Da Mai Sawu ya tuna masa ƙwan fitilar matakala da ya fashe, sai ya sauke murya.

"To, ta ɗan yi tsalle. Sau ɗaya. Don Allah kar ka kai ni gaba, Shugaba dama nema yake ya ba ɗan ƙanwarsa aikin nan."

Biri ya yi kama da mutum. Mai Sawu ya hau sama yana jin haushi, don in uwar injin ce ta ƙone, Dogo ya sha ke nan.

A shagon Mai Zane ya durƙusa bayan teburin. Wurin nan ko'ina burbushin zare ne: a kan kujera, a kan labule, har cikin kofin shayinta. Ya zare wayar sikirin daga bakin katin, ya cire katin gaba ɗaya, ya soka wayar a bakin da ke jikin uwar ita kanta. Ya kunna. Hoto ya fito tangaran, ba layi ko ɗaya.

"Ka gani ko," in ji Mai Zane. "Uwa lafiyarta ƙalau."

"Ban gani ba tukuna. Uwa tana iya nuna hoto alhali mazaunin da kati ke shiga ya lalace. Sai na sa wani kati a nan, na kuma sa wannan a wani injin." Ya juya katin a hannunsa. "Jiya da kika tafi, wa kika bar wa mabuɗi?"

"Inda nake bari kullum. Wurin Auta, saboda masu kawo mini yadi." Ta harare shi. "Ko shi ma za ka tuhume shi? Surukin naka?"

Mai Sawu ya miƙe. Ya naɗe katin a takarda ya sa a hammata.

*

Auta mai aski ƙanin matar Mai Sawu ne. Ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, a gidansu ya girma, kuma tun da ya buɗe shago a ƙarshen layin babu wanda ya ƙara taɓa kan Mai Sawu sai shi. Tun daga nesa ake jin shagon. Samari sun yi dafifi a kan kwamfutar da ke lungu suna buga wasan ƙwallo kafin layi ya zo kansu, suna ta shewa. Mai Sawu ya yi tsaki. Kwanakin baya kunnensa ya ɗan huta da hayaniyar nan, ga shi ta dawo.

"A'a, mijin Yaya, babban alƙali!" Auta ya kaɗe wuyan wanda yake yi wa aski da burushin hoda. "Ka zo in rage maka furfurar nan kafin ka hau kujerar shari'a, kar a ce tsoho ya rikice."

"Furfurar da yayarka ta sa mini? Bar ta. Jiya wa ya karɓi mabuɗin Mai Zane a hannunka?"

"Babu kowa. Yana rataye a ƙusar can har na rufe." Ya matso ya rage murya. "Amma fa na ga Dogo yana saukowa da wata jaka a kumbure. Ban ce komai ba, kar a ce na sa masa ido. Yaya, ka gama da ɗan rainin hankalin nan yau. Gidan tarihi fa ya kira ka."

"Na ji."

"To, ka nuna masa tarihi."

Mai Sawu ya ɗan yi dariya, ta farko tun safe. Maigadi ma da ya tambaya a ƙofar bene ya ce ya ga jakar, sai dai kullum Dogo da ita yake tafiya, kayan aikinsa ne a ciki.

*

Mai Sawu ya shiga shagonsa ya kunna fitilar tebur. Da farko ya ɗauki wani tsohon kati nasa mai lafiya ya koma ya sa a injin Mai Zane: hoto ya fito lafiya. Uwa ta fita, mazaunin kati ya fita, Mai Wuta ma ya fita. Sannan ya dawo ya sa katin da ake magana a kai a cikin kwamfutarsa ta gwaji. Layi-layin nan kore da ja suka bayyana, iri ɗaya sak. Cutar ta bi katin kamar yadda kare ke bin mai shi.

Ya jingina da kujera. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Kati ne, kuma kalma ɗaya ta ishe shi. Har ya fara ganin shagon da ke gabansa a rufe, fitilun nan masu walƙiya a kashe. Daɗi ya ji, daɗi sosai, babu amfanin a ɓoye.

Sai dai hannun mai sana'a ba ya zama shiru. Yana zare katin ya ga bayansa fes, ba ƙura ko kaɗan. Injin da ya shekara da shekaru a shagon da zare ke shiga har cikin shayi, a ce katinsa babu ko silin zare? Ya kai shi hanci. Ƙamshin hoda. Ya ɗauko sukurudireba ya kwance murfin fankar katin, ya kaɗa shi a kan farar takarda.

Abin da ya zubo gashi ne. Guntu-guntu, kamar an barbaɗa, baƙi da ɗan fari-fari, ya dunƙule da farar hoda a tsakanin haƙarƙarin ƙarfen.

Mai Sawu ya daɗe yana kallon takardar. Ya tuna cewa tare ya haɗa kwamfutar Mai Zane da ta Auta, a mako guda, da kati iri ɗaya. Ya kuma tuna wani aski da aka yi masa kwanan baya, Auta na goga masa aska a ƙeya yana tambaya kamar da wasa: "Yaya, in sikirin ya fara layi-layi, kati ne ko uwa? Ta yaya ma ake cire katin nan?" Shi kuwa, don daɗin an tambaye shi, ya zayyana masa komai, har da ɗan makullin da ake dannawa.

Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

*

Matarsa tana sayar da labule da zanen gado a ƙasan benen. Da rana ta hawo da abincinsa kamar kullum, ta same shi zaune gaban takardar. Bai ɓoye mata ba. Ta saurara har ya gama, sannan ta ajiye kwanon a hankali.

"Me aka ce ka duba?"

"Ko kati ne, ko uwa."

"To, wanne ne?"

"Kati."

"Ka je ka ce kati. Ka yi ƙarya? Ba ka yi ba. Wa ya aike ka kwance fanka?"

"In na tsaya nan, Dogo za a kora."

"Dogon da ya hana ka cin abinci? Yau kuma shi ne ɗan uwanka?" Ta matso kusa da shi. "Malam, a bayana na goya yaron nan. Ka kira shi gefe, ka zage shi, ka mare shi ma in ka ga dama, a mayar da katin a ɓoye. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

"A mayar a ɓoye, sannan a ce wa ya ɗauka? Sunan ɓarawo yana kan Dogo tun safe. In ba a cire shi a gaban mutane ba, ba zai ciru ba."

"To ka zaɓa," ta ce. Ta ɗauki gyalenta ta sauka, ko kwanon ba ta buɗe masa ba.

*

Da la'asar aka taru a shagon Mai Zane, waɗanda ba su samu wuri ba suka cika baranda. Shugaba ya zauna a kujerar ɗinki. Dogo ya tsaya jikin bango, mabuɗinsa riƙe a hannu, kamar wanda ya riga ya san hukunci. Auta yana bakin ƙofa, kum ɗin taje kai a soke a aljihun rigarsa.

Mai Sawu ya yi musu bayani a taƙaice. Uwa ta nuna hoto da bakinta, ta nuna da wani kati, saboda haka wuta ba ta yi komai ba. Mai Wuta ya sauke ajiyar zuciya har ana ji.

"Ke nan kati ne," in ji Shugaba.

"Kati ne."

Baranda ta ɗauki guna-guni. Wani ya ce dama idon Dogo bai yi kama da na mai gaskiya ba. Shugaba ya miƙa hannu. "Dogo, mabuɗi."

"Ban gama ba," in ji Mai Sawu.

Ya buɗe farar takardar a kan tebur. "Mai Zane, kina aski a shagon nan?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Fanka abin da ke cikin ɗaki take shaƙa. Buɗe injinki ki gani, ko'ina zare ne. Wannan kuwa daga cikin katin na kaɗo shi. Katin nan bai taɓa kwana a shagonki ba sai jiya. Wanda ya kawo shi ya so ya tsabtace shi don kar a gane, sai ya goge shi da abin da hannunsa ya saba gogewa da shi, burushin hoda. Mai gyara iska yake hura wa kati, ba ya sa masa hoda kamar wuyan ango."

Ba wanda ya ambaci suna. Kawunan mutane ne kawai suka juya wajen ƙofa.

Auta ya yi dariya, amma ba ta fito daidai ba. "Yaya, wasan ya isa haka. Gashi ai ko'ina akwai shi. Dogon ma ba sanƙo gare shi ba."

"Gaskiyarka. Mu je mu buɗe kwamfutarka. In babu zare a fankar katin da ke ciki, ni zan ajiye mabuɗina."

Shugaba ya tura Mai Wuta da maigadi suka ɗauko kwamfutar, samarin ƙwallo na biye da su suna ƙorafi. Mai Sawu bai taɓa ta ba. Sukurudireban ya miƙa wa Dogo. Dogo ya kwance murfin, ya zare katin, ya sa farce a fankar ya jawo wani dunƙule mai laushi, ja da shuɗi da ruwan zinariya.

Mai Zane ta karɓa ta murza a yatsunta. "Zaren rigunan makarantar da na yi bara ne," ta ce. Ta dubi Auta. "Mabuɗina na ba ka."

"Aro na yi," in ji Auta, idonsa a ƙasa. "Tun da injina ya mutu yaran suka koma wancan shagon na tsallaken titi. Na ce in na samu sarari in sayo sabo in mayar. Da na ga Dogo ya buɗe na Mai Zane jiya, sai na ce ai..." Can ya ɗago ya dubi Mai Sawu da jajayen idanu. "A gidanka na girma. Saboda wannan, wanda ko gaishe ka ba ya yi, ka tona mini asiri?"

"Kai ka ce mini in gama da shi yau," in ji Mai Sawu. "Da hannuna ka so ka yanka shi."

Shugaba ya juyar da hannun da ya miƙa wa Dogo zuwa wajen Auta. Mabuɗin ya faɗa tafinsa. A can ƙarshen baranda Mai Sawu ya hango gyalen matarsa yana sauka matakala.

Mutane suka watse, babu wanda ya ba Dogo haƙuri. Shi ma bai nema ba. Ya mayar wa Mai Zane katinta, ya kunna, hoto ya fito. A bakin ƙofa ya tsaya kusa da dattijon yana juya sukurudireban.

"Baba..."

"Na ce maka ban haife ka ba. Ba ni abina. Gobe in ka yi aiki ka gwada kafin ka tafi."

*

Makonni suka wuce. Shagon aski ya zama wurin sayar da takalma. Labarin ya zaga kasuwa cewa an yi wa Dogo ƙazafi ya fita, sai mutane suka ƙara tururuwa wurinsa, har benci ya ƙara a ƙofa. Yanzu yana gaida Mai Sawu da safe, Mai Sawu yana amsawa in ya ga dama. Shagon dattijon kuwa yana nan yadda yake, shi da fitilar tebur.

A gida matarsa ba ta fasa dafa masa abinci ba, ba ta fasa wanke masa kaya ba, maganar ce dai ta ƙare. Wata safiya yana shirin fita, ya tsaya gaban madubi yana ƙoƙarin tura furfurar da ta yi masa tsiri-tsiri a cikin hula. Ta zo wucewa da tsintsiya, ta tsaya ta dube shi. Ransa ya ɗan yi sanyi, ya ɗauka yau za a shirya.

"Kanka ya yi gashi," ta ce.

"Na gani."

"Ka je Dogo ya aske maka."